Zuciya na tashi sai a ce "sha Panadol": ina ruwan biri da gada?

Ranar nan bayan magariba na tsaya a wani kemis na unguwarmu zan sayi filasta, sai ga wani yaro ya shigo da kuɗi dunƙule a hannu, yace wai inji mamansa a bashi maganin tashin zuciya, tun safe ta kasa cin komai. Mai kemis ɗin ko kallon kirki bai yi wa yaron ba, ya ɓallo farasitamol biyu, ya ɓallo wani ja guda ɗaya da wani ɗan mitsitsi fari, ya ƙulle a leda ya miƙa masa yace "kace ta sha duka yanzu, in bai sauka ba ka dawo da safe". Nace masa likita, dan haka muke kiransa duk da kowa ya san ba likitan bane, wannan jan fa na meye? Yace diklofenak ne, dan jikinta ya saki. Toh matar nan dai bai ganta ba, bai san ko juna biyu gareta ba, bai san ko tana da olsa ko hawan jini ba, bai ma tambaya ko aman take yi ko zuciyar ce kawai ke tashi ba.

Ni ba wai cin mutuncin masu kemis nazo yi ba, a wurare da yawa su ne asibitin talaka, kuma da yaron nan ya koma hannu rabbana uwar ce zata fara cewa mai kemis ɗin bai san aikinsa ba. Ɗabi'ar tamu ce gaba ɗaya. A gidajenmu Panadol ya zama kamar gaisuwa, kai na ciwo Panadol, gajiya Panadol, an ɓata maka rai Panadol, zuciya na tashi shi ma Panadol, in kuma mutum yana ganin ya waye sai ya haura zuwa ibufurofen ko Felvin ko ya kaɗa Alabukun a kofi ya shanye. Alhali waɗannan magungunan na kashe raɗaɗi ba dan tashin zuciya aka yi su ba, kuma lokacin da zuciyarka ke tashi, cikinka ba komai, jikinka ba ruwa, shi ne daidai lokacin da ka fi rashin ƙarfin ɗaukarsu. Abun da ya fi damuna ma shi ne in sun fara yi maka illa, alamar farko da zaka gani ita ce dai wannan tashin zuciyar, sai ka ɗauka ciwon ne ya ƙi sauka, ka sake ɓallo wani.

Mu ɗauki shi tashin zuciyar tukuna. Duk da sunan da muka sa masa, umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda take haɗewa da lakar baya, akwai wani ɗan wuri da aikinsa shi ne ɗanɗana jini, in yaji abun da bai yarda dashi ba, guba ce ko magani ko dattin da ƙoda ta kasa fitarwa ko sinadaran da ciki ke kawowa mace, sai ya buga ƙararrawa. Akwai kuma wata doguwar jijiya da ta haɗa tumbi da hanji da ƙwaƙwalwa, ita ke kai rahoto cewa an ci abun da ya lalace ko bangon tumbi ya ji rauni. Sai cikin kunne, wanda shi ke kula da daidaituwar mutum, shi yasa wasu in sun shiga motar Jos daga Kano tun kafin a kai Saminaka sun fara neman leda. Sai kuma ido da hanci da tunani, ka ga wani abun ƙyama ko ka ji wari zuciyarka ta hautsine. Duk saƙonnin nan suna tafiya ne ta wasu sinadarai, dofamin da serotonin da histamin, kuma magungunan amai na ainihi su suke tarewa.

Su kuwa ibufurofen da diklofenak da firoksikam, wato Felvin, da asfirin, dangi ɗaya ne, aikinsu shi ne hana jiki ƙera wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda shi ke kawo kumburi da zogi da zazzaɓi. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Vane shi ya gano haka a 1971, bayan duniya ta shafe sama da shekara 70 tana shan asfirin ba tare da an san yadda yake aiki ba, kuma ya samu kyautar Nobel akan haka a 1982. Farasitamol shi ba ɗan gidansu bane, yana rage jin zafi yana sauke zazzaɓi, amma shi ma baya bi ta waɗancan hanyoyin na amai. Kaga kenan mai tashin zuciya da ya sha ɗaya daga cikinsu kamar wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ne ya je ya sake ƙofa.

Na san wani zai ce ai ni na sha kuma ya tafi. Ban ƙaryata ka ba, kuma akwai dalili. Wani tashin zuciyar ciwo ne ke janyo shi, misali ciwon ɓarin kai, wannan da ke sara gefe ɗaya mutum ya ƙi haske ya ƙi hayaniya, in aka sha magani da wuri kan ya lafa zuciyar ma sai ta kwanta. Haka ciwon mara na al'ada, shi dama furostagilandin ɗin ne ke murɗa mahaifa yake kuma sa wasu amai da gudawa, dan haka ibufurofen a nan ya faɗa gidansa. Zazzaɓi mai zafi in ya sauka mutum yakan ji dama dama. Sannan ga babban likita wato lokaci, yawancin tashin zuciyar da abinci ya kawo da kansa yake wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ka sha magani ko baka sha ba, amma yabon sai ya tafi ga ƙwayar da aka haɗiya. Daga nan aka samo ƙa'idar da babu ita, aka ɗauki abun da ya yi wa mai ɓarin kai aiki aka miƙa wa mai olsa.

Toh ga inda matsalar take. Wannan furostagilandin ɗin da maganin ke kashewa ba aikin ɓarna kaɗai yake yi ba, shi ne mai gadin tumbi. Tumbin mutum yana fitar da ruwa mai tsamin gaske da zai iya narka nama, abun da ya hana shi narka kansa shi ne wata majina mai kauri da ke shafe a bangonsa, da wani sinadari mai kashe tsami, da jinin da ke zagayawa yana gyara duk inda ya ɗan kurje. Ukun nan duk furostagilandin ke tsaye a kansu. Ka sha diklofenak, ka sallami mai gadi, ruwan tsamin kuma yana nan bai je ko'ina ba. Shi yasa in ka buɗe takardar da ke cikin kwalin kowanne daga cikinsu, wadda bamu karantawa sai dai a ƙulle gyaɗa da ita, zaka ga tashin zuciya da ƙwannafi da ciwon ciki suna sahun farko na illolinsa. Wato maganin da aka baka dan tashin zuciya shi kansa mai kawo tashin zuciya ne.

Kuma kar wani yace ai ni sai na ci abinci nake sha, ko ni allura nake yi bana haɗiyar ƙwaya. Abinci yana rage ɗacin ran da ake ji, gaskiya ne, amma babbar ɓarnar ta cikin jini take biyowa, dan haka allurar diklofenak ma tana iya buɗe olsa kamar yadda ƙwayar ke yi. Balle shi mai tashin zuciya ina ma yaga abincin, ai abun da ya kasa ci kenan. Ga shi kuma mutanenmu da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar nan ta olsa a tumbinsu tun yarinta ba su sani ba, wadda likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren suka gano, in ta haɗu da waɗannan magungunan haɗarin ya ninku. In mutum ya manyanta, ko ya taɓa yin olsa, ko yana shan maganin tsinka jini, ko aka haɗa masa biyu daga dangin lokaci guda, ko aka jefa masa wani maganin kumburi mai suna deksametazon a cikin haɗin kamar yadda aka saba yi wa masu ciwon gaɓoɓi, sai dai Allah ya kiyaye kawai. Alamar jini ya ɓalle ita ce amai da jini, ko amai baƙi mai gari gari kamar dusar kofi, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta mai wani irin wari, da jiri in an miƙe. Wani ma babu gargaɗin komai, maganin ya danne zafin da zai sanar dashi, sai dai kawai ya yanke jiki ya faɗi.

Alabukun da mutane ke ɗauka kamar wani ɗan gari mara illa, kowace takarda ɗaya asfirin ne miligiram 760 da kafeyin, sinadarin nan na cikin kofi da goro, miligiram 60, wato ya fi ƙwayar asfirin biyu ta 300. Maganin ciwon kai ne, kuma yana aikinsa, amma a kaɗa shi a zuba a tumbin da ke hautsinawa ba komai a ciki, wannan ai ana kukan targaɗe ne a je a nemo karaya. Ba mu kaɗai bane a wannan kuskuren, a Amurka akwai magungunan ɓacin ciki masu tafasa a ruwa da aka daɗe ana sayarwa da asfirin a cikinsu, sai a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fito ta yi gargaɗi cewa suna iya jawo zubar jini mai tsanani a ciki.

Sai ƙoda, kuma ita ce aka fi mantawa da ita dan bata kuka da wuri. In mutum yana amai ko gudawa ko ya kasa shan ruwa, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa, dabarar da take yi ta ceci kanta ita ce ta ƙara fitar da wannan furostagilandin ɗin dai dan ya buɗe mata hanyoyin jini. A ranar da kake lafiya lau kana shan ruwa, ibufurofen ɗaya ko biyu ƙodarka bata ma san an yi ba. Amma a ranar da ka bushe, igiyar da take rataye da ita kenan ka sa wuƙa ka yanke. Yanzu ka ɗauko ɗan dako ko leburan gini ko manomin rani a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ya wuni yana zufa, ya dawo kai na sarawa zuciya na tashi, wanda yawanci rashin ruwan ne ma ya kawo, sai ya tsaya wajen mai tallan magani a faranti a haɗa masa na gajiya. In azumi ne kuma ya faɗo a lokacin, ga awa 14 ba ruwa, wasu da an kira salla dabino ɗaya sai ƙwaya. Mai hawan jini da ke shan lisinofiril da wannan maganin mai sa fitsari, in ya ɗora diklofenak a kai alhali yana amai, su ukun nan haɗuwarsu sananniya ce wajen likitoci wurin durƙusar da ƙoda cikin kwanaki. Kuma in ƙodar ta fara gazawa datti ya taru a jini, mece ce alamar? Fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, da tashin zuciya. An dawo gidan jiya. Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwansa wankin ƙoda ya san kuɗin da ake kashewa a sati ɗaya ya isa a sayi kemis ɗin da aka sayi ƙwayar, ko kusa da haka.

Farasitamol shi ne mai sauƙin kai a cikinsu, wannan dole a faɗa. Baya cin tumbi, baya takura wa ƙoda kamar waɗancan, mai ciki na iya sha, yaro na iya sha, in dai akwai zazzaɓi ko ciwon da za'a sha dominsa kuma an tsaya a ƙa'ida. Ƙa'idar ga babba ita ce ƙwaya biyu ta miligiram 500 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kuma kar a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, wato miligiram 4000. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, ko wanda ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba, nashi ma ya gaza haka. Dalili kuwa, hanta ce ke sarrafa shi, kuma garin sarrafawar wani ɗan kaso yana rikiɗewa ya zama guba, sai hantar ta kashe gubar da wani sinadari da take ajiyewa. Ajiyar nan tana da iyaka, kuma yunwa tana rage ta. In gubar ta fi ƙarfin ajiyar sai ta koma kan hantar kanta.

Yawancin mutane ba wai zama suke su zazzage kwalba guda ba, a hankali abun ke taruwa. Ga lissafi: da safe ya sha biyu, bayan awa ɗaya ya yi amai yace ai maganin ya fita ya sake biyu, alhali a awa ɗaya mafi yawansa ya riga ya shiga jini. Da azahar ya ji kamar mura ya sha Procold ko Mixagrip biyu, bai san da farasitamol a cikinsu ba. Da la'asar aka kawo masa haɗin kemis da biyu a ciki, da dare biyu, tsakar dare zazzaɓi ya tashe shi ya ƙara biyu. Sha biyu kenan, miligiram 6000, a cikin da ba abinci, in ya jera kwana uku a haka ya shiga haɗari na gaske kuma shi a ransa bai sha komai ba sai "su Panadol". Sunayen ma suna ruɗarwa, Ibucap ibufurofen ne da farasitamol a haɗe, mutanen Nijar da Kamaru da Chadi su Doliprane da Efferalgan suka sani, kuma waɗannan akwai masu miligiram 1000 a ƙwaya ɗaya, wanda ya saba shan biyu biyu in ya ɗauko irin wannan ya ninka kenan bai sani ba.

Muguntar gubar farasitamol ita ce yaudara. Ranar farko tashin zuciya ne da amai da zufa da kasala, ko ma babu komai. Rana ta biyu mutum sai ya ji kamar ya samu sauƙi, 'yan gida su ce alhamdulillahi jiki ya yi kyau, alhali a lokacin ne hantar ke lalacewa, sai dai ɗan ciwo a gefen dama ƙasan haƙarƙari. Rana ta uku zuwa ta huɗu ido ya yi rawaya, jini ya ƙi daskarewa, mutum ya fara sambatu. Akwai makari, sunansa asetilsistin, kuma yana aiki ƙwarai in an bada shi cikin awa 8 na farko, bayan nan ma ana bayarwa amma ƙarfinsa raguwa yake. Wato lokacin da makarin ya fi amfani shi ne lokacin da mutum bai ga dalilin zuwa asibiti ba. A Ingila saboda wannan ne tun 1998 doka ta taƙaita kwalin farasitamol, 16 a kanti, 32 a shagon magani. Mu nan kuwa gwangwani ake buɗewa a ƙirga maka yadda kuɗinka ya kai.

Ƙara da cewa hantar tamu dama ba duka ke da lafiya ba. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu basu sani ba. Ciwon hanta in zai taso da me yake farawa? Tashin zuciya, ƙin abinci, kasala, ɗan zazzaɓi, kafin idon ya canza a ce shawara ce. A wannan tsakanin an riga an yanke hukuncin "maleriya da taifot ne" an yi sati ana ɗura wa hantar farasitamol, wani a ƙara masa da jiƙe jiƙen da ba'a san me ke ciki ba. Masu shan maganin tarin tibi su ma hantarsu tana ɗauke da kaya, in zuciyarsu ta fara tashi wajen da ake basu maganin ya kamata su koma su faɗa.

Matar da aka aiko yaron nan kuwa, abun da ya fara zuwa min a rai shi ne laulayi. Mace a shekarun haihuwa, tashin zuciya tun safe, kuma mun san al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki, ba zata aiko yaro yace mamana nada ciki ba, wata ma ita kanta bata gane ba tukuna. Laulayi yakan fara wajen sati na 6, yawanci ya lafa kafin sati na 20, kuma babu abun da maganin ciwo zai yi masa. Dangin ibufurofen daga sati na 20 suna iya taɓa ƙodar ɗan tayi ruwan mahaifa ya ragu, hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi akan haka a 2020, a watannin ƙarshe kuma suna iya rufe wata hanyar jini da ke kusa da zuciyar jaririn wadda bai kamata ta rufe ba sai an haife shi. Wannan daban yake da ɗan ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wasu masu ciki dan kare su daga hawan jini, kar a haɗa. In kuwa ciki ya tsufa sai ga tashin zuciya da ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da ciwo a saman ciki, ko gani ya fara dishi dishi, wannan jijjiga ce ke sallama, mota za'a nema a daren.

Yara ƙasa da shekara 16 ba'a basu asfirin, kuma Alabukun asfirin ne. Akwai wata cuta da wani likita mai suna Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963, tana kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta, tana zuwa ne bayan mura ko ƙarambau a yaran da aka ba asfirin, ba ta da yawa amma tana kisa, kuma da amai ba ƙaƙƙautawa take farawa. Yaron da ke amai da gudawa shi ma ba'a bashi ibufurofen, saboda maganar ƙodar nan. Sannan zazzaɓin da ba'a gwada ba ba lallai maleriya bane, akwai Lassa da ke tasowa duk rani a su Bauchi da Taraba, akwai zazzaɓin dengi da ya addabi Sudan da Burkina Faso ya kuma ɓulla a Chadi da Sakkwato a 2023, waɗannan dama jini suke tsinkawa, asfirin ko ibufurofen a kansu ƙara wa wuta fetur ne.

Ko da maganin bai yi illa da kansa ba, yana cinye lokaci, kuma ni a ganina wannan ce asarar da ta fi yawa. Ruwa baya tsami banza. Yaron da ke da zazzaɓi yana amayar da duk abun da aka bashi, maleriya ce mai tsanani har sai an tabbatar ba ita bace, allura yake buƙata ba sirof ba. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan dama da tashin zuciya, afendis ne ake zargi. Dattijo ko mai ciwon suga da zuciyarsa ke tashi yana zufa, ƙirji ya yi nauyi ko ciwo ya bi hannu ko muƙamuƙi, bugun zuciya ne ake tsoro, kuma a mata da masu suga sau da yawa ciwon ƙirjin ma baya fitowa sosai, sai a ce olsa ce ta tashi. Amai da ciwon kai da wuya ya ƙi lanƙwasa a lokacin zafi, kowa a arewa ya san sanƙarau. Wanda ya faɗi a babur kansa ya bugu ya tashi ya kakkaɓe riga, bayan awanni ya fara amai, ba Panadol yake buƙata ba. Duk waɗannan ƙwayar zata iya sauke zazzaɓin ko ta rage zafin na awa 4, gida ya samu natsuwa, a kwana, a sake kwana.

Wani zai ce toh shikenan sai a sayi maganin aman kai tsaye. Shi ma ba alewa bane. Wancan ɗan mitsitsin farin da aka saka wa yaron a leda ina kyautata zaton irin su Maxolon ne, wato metokulofuramaid, yana aiki, amma a yara da matasa musamman 'yan mata yakan sa wuya ya karkace, ido ya kafe sama, muƙamuƙi ya riƙe, harshe ya fito, in baka sani ba ka rantse iska ce ta taɓa yarinyar, a tafi neman mai ruƙiyya alhali allura ɗaya a asibiti ke warware shi. A Turai tun 2013 aka ce kar a sha shi fiye da kwana 5. Furometazin, wato Phenergan ko Avomine, yana sa barci, direba ya kiyaye, kuma ba'a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Tiramadol kuwa, wanda wasu ke nema in sauran sun gaza, shi ne sarkin kawo tashin zuciya a cikinsu duka.

Abun da mai tashin zuciya na yau da kullum yake buƙata ba shi da tsada, sai dai baya kama da magani a idonmu shi yasa muke raina shi. Ruwa ne, kurɓi kaɗan kaɗan duk bayan 'yan mintuna, ba a ɗaga kofi a shanye ya dawo ba. In ana amai ko gudawa a haɗa ruwan gishiri da suga, na takarda da ake sayarwa ya fi, in babu a samu ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato fiya wata biyu, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A bar maiƙo da yaji, in ciki ya karɓa a fara da koko ko ɗan kunu mara nauyi ko busasshen burodi. Citta tana taimakawa, musamman ga masu laulayi, wannan har bincike ya goyi bayan kakanninmu a kai. In da zazzaɓi a je a yi gwajin maleriya, na ɗan tsinken nan minti 15 zuwa 20 ne, farasitamol kuma a sha shi dan zazzaɓin, a ƙirga, a duba sauran magungunan da ake sha ko yana ciki. Mace tayi gwajin ciki kafin ta haɗiyi komai. In an wuce kwana biyu, ko ruwa ma baya zama, ko fitsari ya ɗauke, magana ta bar hannun kemis.

In kuma har ta kai ga asibiti, a tafi da duk abun da aka sha, kwalin, takardar, ko ɓawon da aka ɓalle ƙwayar daga ciki, a kuma faɗi gaskiyar adadi da lokaci, dan likita da agogo yake lissafin ko za'a bada makari. Anan ne haɗin leda ke ba ma'aikatan asibiti wahala, a tambayi mara lafiya me ka sha yace wani ja da fari biyu da wani ɗan ƙarami, jan nan kuwa zai iya zama abu biyar. Ni dai tun ranar nan in za'a ƙulle min magani sai na ce a rubuta min sunan kowanne a takarda, mai kemis ɗinmu har ya fara tsokanata wai Malam ko jarabawa zaka rubuta, amma yana rubutawa.